Hukuncin Ɗaukar Masu Yankan Katako Su Sare Itatuwan Gona

Tambaya: Malam, shin ya halatta mutum ya ɗauki masu yankan katako su sare itatuwan gonarsa su share ta, ladansu ya zama wani kaso na katakon?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, sare itacen da ka mallaka saboda buƙata halal ne. Bukhari ya ruwaito daga Anas cewa an sare dabinon da ke filin Banu Najjar lokacin gina masallacin Madina. Inda ake faɗawa haram shi ne wurin ƙulla cinikin, domin Muslim ya ruwaito hani ga cinikin garari, wato wanda ba a san abin da za a samu ba.

To, cinikin nan iri uku ne. Na farko, ka sayar musu da itatuwan a tsaye. Wajibi ne su gan su, a ƙirga, a yanke kuɗi da ranar kwashewa. Na biyu, ka ba su jinga da lada sananne, katakon kuwa naka ne duka. Na uku shi ne wanda ka tambaya. Hanafiyya da Shafi'iyya sun hana biyan ma'aikaci da wani yanki na abin da aikinsa zai fitar. Hanbaliyya sun halatta. Malikiyya sun halatta irinsa a girbi, idan abin yana tsaye ana ganinsa kuma an ambaci kason, kamar rabi ko sulusi. Don haka babu laifi in sha Allah, matuƙar an cika waɗannan sharuɗɗa. Amma “ku sare tukuna, ma daidaita” ɓataccen ciniki ne.

Kafin a tayar da inji, kiyaye waɗannan:

1. Gonar gado da ba a raba ba, ba ka da ikon sare itacenta sai da yardar dukkan magada, mata da maza. Kason maraya a ajiye masa.

2. Itacen kan iyaka, sai da izinin maƙwabci.

3. A faɗi wa zai tumɓuke kututture, wa zai ɗauki rassa, a rubuta gaban shaidu.

4. Nemi izinin malaman daji. A Nijar, misali, gawo yana cikin itatuwan da doka ke karewa.

5. Kada ka sare abin da ba ya tare maka noma. Abu Dawud ya kawo gargaɗi mai tsanani kan sare magarya, ya fassara ta da wadda matafiya da dabbobi ke shan inuwarta a daji, aka sare ta ba da haƙƙi ba.

Idan sun gama, biya su nan take. Ya tabbata a Bukhari cewa Allah da kansa zai yi husuma ranar ƙiyama da wanda ya sa ma'aikaci aiki, ya gama, ya hana shi ladansa.

Wallahu a'alam.