Gadon da Aikin Kuturta Ya Bar wa Masu Yaƙi da Tari a Kudancin Kaduna

Duk wanda ya yi aikin tarin fuka a Kafanchan, Zonkwa, Kwoi ko Kachia ya san ofishinmu suna biyu yake ɗauke da su: tarin fuka da kuturta. Sababbin ma'aikata kan tambaya, me ya haɗa ciwon huhu da ciwon fata da jijiya? Ƙwayoyin cutar biyu dangin juna ne, amma abin da ya zaunar da su ofis ɗaya a Najeriya tarihi ne. Ƙungiyoyin da suka fara kula da huhun talaka a wannan yanki sawun kutare suka biyo.

Mishan ɗin SIM ta kafa tasha a Kwoi a 1910, daga baya ta zauna a Kagoro, kuma kusan duk inda ta gina majami'a sai ta liƙa ɗakin shan magani a gefe. Katolika suka zo da nasu, har asibitin St. Louis na Zonkwa ya tsaya da ƙafarsa. A 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar jiragen ƙasa, hanyar Fatakwal ta haɗu da ta Kaduna da ta Jos, garin ya cika da leburori da ma'aikatan reluwe masu kwana a ɗakunan haya a cunkushe. Samarin ƙauyuka kuma suna hawa tudun Jos haƙar kuza. Irin wannan zama shi tari yake so. Sai dai a lokacin mai tarin jini ba shi da wani magani, domin allurar streptomycin ma sai a shekarun 1940 aka samo ta a Amurka. Idon mishan da na gwamnati yana kan kuturta. A 1937 SIM ta karɓi gidajen kutare na Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato. Da ƙwayar dapsone ta zo a shekarun 1950, sai aka daina jiran majinyaci ya ƙaura zuwa gidan kutare. Malamin kuturta ya hau keke da rajista, ya kai magani ƙauye a ranar da aka tsayar, ya kira suna, wanda bai zo ba a aika gidansa. Wannan rajista da wannan keke su ne jarin da muka gada.

A shekarun 1980 aka kawo haɗin magunguna da ke warkar da kuturta cikin watanni, adadin kutare ya yi ta raguwa, ma'aikata da babura suka samu sarari. Gwamnatin Tarayya ta kafa shirin yaƙi da tarin fuka da kuturta a 1989, ta ƙaddamar da shi a 1991, ƙungiyoyin kuturta na Turai kuma suka raba jihohi a tsakaninsu. Jamusawa suka ɗauki kudu maso gabas daga Inugu, Gidauniyar Damien ta Beljiyam ta zauna a Ibadan, The Leprosy Mission ta riƙe ɓangaren Sakkwato da Neja, Kaduna kuwa ta faɗa rabon ƙungiyar NLR ta ƙasar Holan mai ofis a Jos. Cibiyar horaswa ta Saye, kusa da Zariya, ita ce makarantarmu duka. Da wuya ka sami tsohon jami'in tari na ƙaramar hukuma a Jama'a, Kaura, Jaba ko Zangon Kataf da bai kwana a Saye ba.

Tsarin da aka koya mana, wanda ake kira DOTS, a Afirka aka haife shi. Dokta Karel Styblo, da ke aiki da tsohuwar ƙungiyar yaƙi da tarin fuka da cututtukan huhu ta duniya wadda aka kafa a Faris a 1920, shi ya gwada shi a Tanzaniya tun ƙarshen shekarun 1970. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana tarin fuka a matsayin larurar gaggawa a 1993, Najeriya ma ta rungumi tsarin a shekarar, ko da yake ya ɗauki kusan shekara goma kafin ya game jihohi. A takarda abu ne mai sauƙi. Mai tarin da ya ƙi ƙarewa ya kawo kaki, a shafa a gilashi, a rina, a duba da madubin likita. In an ga jajayen ƙwayoyin cutar, a buɗe masa kati, ya riƙa haɗiye magani a gaban ma'aikaci. Wata takwas ake yi a da, kafin a mayar da shi shida. Wanda ciwon ya dawo masa kuwa, a lokacin sai an ƙara masa allura kullum har wata biyu.

Wahalar tana cikin wata na uku. Zuwa lokacin tari ya lafa, zazzaɓin dare ya tafi, mutum ya fara cin tuwo da kyau, ga gonar citta tana jira. Me zai sa ya biya kuɗin babur zuwa asibiti don maganin ciwon da ba ya ji? Wani ya ga fitsarinsa ya yi ja saboda maganin rifampicin, ya tsorata, ya koma wajen mai maganin gargajiya da ya ce masa sammu ne. A nan tarbiyyar aikin kuturta ta yi rana. Tsofaffin malaman kutare ba su yarda a rubuta "ya ɓata" a rajista a rufe ba. Za su bi mutum har gona, su roƙi dagaci ya sa baki, su samo wa majinyaci wani a gidansa da zai tsaya masa kan shan magani. Ni dai a ganina, abin da ƙungiyoyin waje suka kawo mafi tsada shi ne man babur da taron bitar rajista na kowane wata uku, inda kowa zai tsaya gaban 'yan uwansa ya faɗi inda kowane majinyaci ya ƙare. Magani kyauta ba ya warkar da wanda ya daina zuwa.

Sai ƙanjamau ya shigo ya rikita lissafi. A ƙarshen shekarun 1990 muna ganin matasa na zuwa da tari, kakinsu bai nuna komai ba, amma suna ramewa a gaban idonmu. Mutane suka fara ɗaukar duk mai tarin fuka a matsayin mai ƙanjamau, wasu suka gwammace su sayi maganin tari a kemis da a gan su a layinmu. Kuɗi masu nauyi sun zo bayan kafa Asusun Global Fund a 2002 da shirin PEPFAR na Amurka, aka fara gwada kowane mai tari don ƙanjamau, kowane mai ƙanjamau kuma a bincike shi don tari. A wannan zamanin ne ƙungiyoyin gida suka shigo sosai. Gidauniyar Fantsuam, da aka kafa a 1996 take kuma aiki daga Bayan Loko a Kafanchan, ta haɗa bashin jari ga mata da kula da marasa lafiya. Zumuntar mata a majami'u da 'yan agajin masallatai suka zama idanunmu a unguwanni, su ne ke cewa, "Malam, akwai wata a bayan gidanmu, tarinta ya daɗe."

Akwai abin da ba ya fitowa a rahotannin da ake aika wa Abuja. Rikicin bayan zaɓe na Afrilun 2011 ya ƙone kasuwar Kafanchan, ya watsa jama'a daga Zonkwa da Matsirga. Hare-haren yankin Godogodo a 2016 suka sake tayar da ƙauyuka. Kowace dokar hana fita tana nufin wani ya yanke shan magani a tsakiya, kuma yankewar nan ita ke haifar da tarin da ba ya jin magani. Garin Kafanchan ya rabu, akwai unguwar da wannan ba ya shiga, akwai wadda wancan ba ya shiga. Ma'aikatanmu, Kirista da Musulmi, sun riƙa miƙa wa juna katunan majinyata da ƙullin magani a bakin iyakar unguwa. Ban taɓa ganin an rubuta wannan a matsayin nasarar wani shiri ba, alhali ya ceci rayuka.

Binciken ƙasa na 2012 ya girgiza mu. Ya nuna masu tarin fuka a Najeriya sun ninka abin da ake zato, mu kuma muna kama kusan mutum 100,000 kawai a shekara. Zaman jiran majinyaci a asibiti ya ƙare ke nan. Na'urar gwajin kaki ta GeneXpert, da ta shigo ƙasar a 2011, tana ba da sakamako cikin awa biyu, tana kuma faɗin ko ƙwayar ta bijire wa rifampicin, amma tana son wuta da sanyi, abubuwa biyu masu wuya a nan. KNCV, wata ƙungiyar Holan da ta faro tun 1903, ta ɗauki Kaduna cikin jihohin da take aiki da kuɗin Amurka daga 2020, da na'urar hoton ƙirji ta tafi-da-gidanka da bin dangin majinyaci gida-gida. NLR kuwa ta miƙa aikinta ga ƙungiyar 'yan ƙasa, LTR, a Jos. Adadin da ake ganowa a ƙasa ya haura 200,000 a 2021, ya wuce 350,000 a 2023.

Duk da haka akwai abin da ke ci mini rai. Mun kira kanmu masu kula da huhu, amma ciwo ɗaya muke da kuɗinsa. Mutumin da ya gama wata shida, aka rubuta "ya warke", ya dawo yana haki in ya hau ɗan tudu saboda tabon da ciwon ya bari, ba shi da shafi a rajistarmu. Matar da ta shekara talatin tana hura itace a ɗakin girki marar taga, ko tana dafa burkutu, in kakinta bai nuna komai ba sai mu sallame ta da maganin tari. Mai asma yana sayen abin shaƙa da kuɗinsa in hunturu ya kama, in ma ya same shi. Yaro mai ciwon haƙarƙari yana buƙatar iskar oksijin a daren da ya zo, kuma allurar rigakafin namoniya sai a ƙarshen 2014 ta fara shiga jerin rigakafin yara a ƙasar nan. Waɗannan ba su da wata ƙungiya a yankinmu da ta ɗauke su kamar yadda aka ɗauki kutare.

Da Amurka ta dakatar da tallafin USAID a Janairun 2025, abin da ya fara girgiza shi ne albashin masu tantance masu tari a ƙofar asibiti da kuɗin masu kai kaki ɗakin gwaji a kan babur. Waɗannan kuɗaɗe ba su fi ƙarfin jiha da ƙananan hukumomi ba, kuma su ya kamata a fara sa wa layi a kasafin Kaduna. Kaki da aka karɓa a wani ƙauyen Sanga ko Kagarko, in bai sami mai kai shi inda na'ura take ba cikin 'yan kwanaki, sai dai a zubar a ce wa majinyaci ya sake kawowa, kuma da yawansu ba sa dawowa.