Tarihin Fudin Ayaba a Kudancin Amurka

Masu iya magana kan ce, kowa da kiwon da ya karɓe shi. A jihohin kudancin Amurka, da wuya iyali su taru don bikin godiya na watan Nuwamba ko Kirsimeti ba a ajiye kwanon fudin ayaba ba. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce mu bi sawun wannan kayan zaƙi, mu ga yadda ya zama gado a ƙasar da ba ita ke noma ayabar ba.

Haɗinsa ba shi da wuya. Ana dama madara da gwaiduwar ƙwai da sukari da ɗan fulawa a kan wuta har su yi kauri. Sai a jera biskit a ƙasan kwano, a bi shi da yankakkiyar ayaba, a zuba damun, a maimaita hawa-hawa. Daga nan a kaɗa farin ƙwai da sukari a shafe saman, a gasa har ya yi ja.

Idan muka waiwaya baya, za mu tarar ayaba baƙuwa ce ga Amurkawa. A 1870 ne wani matuƙin jirgin ruwa, Lorenzo Dow Baker, ya yi jigilarta daga Jamaika. A baje kolin Filadelfiya na 1876, ɗai-ɗai ake naɗe ta ana sayarwa kamar abin al'ajabi. Mujallar Good Housekeeping ta buga yadda ake fudin a 1888, amma da kek ake jera shi. Biskit mai ƙamshin banila ya maye gurbin kek daga baya, kuma kamfanin Nabisco ya yaɗa haɗin ta hanyar buga shi a jikin kwalinsa.

Sai dai kuma zaƙin yana da ɗacinsa. Abin da ya kai ayaba gidan talaka shi ne arha, arhar kuwa daga gumin ma'aikatan gonakin kamfanin United Fruit ta fito, wanda aka kafa a 1899. A Disambar 1928, sojojin Kolombiya suka buɗe wa ma'aikatan da ke yajin aiki wuta a garin Siyenaga, suka kashe da dama. Dogaro da iri guda kuma ya jawo wata masifa: cutar Fanama ta cinye gonakin irin Gros Michel a shekarun 1950, aka koma ga irin Cavendish. Shi ma wani sabon nau'in cutar ya riske shi a Kolombiya a 2019.

A taƙaice, mun ga cewa wannan al'ada ba ta kai shekara 150 ba, kuma ta dogara ne da jirgin ruwa da ƙwadagon wasu da lafiyar iri guda. Idan cutar ta ci galaba, ba teburin biki kaɗai zai ji a jika ba, har da manoman da ayaba ce abincinsu da sana'arsu.