Baiko

baiko (suna, namiji; jam'i: baye-baye)

1. A bakin Kiristoci masu jin Hausa, kyautar da mutum ke kawowa coci da yardar ransa, kuɗi ne ko amfanin gona, domin aikin ikilisiya da taimakon mabukata. Ya sha bamban da zakka, wato ushirin abin da mutum ya samu, domin shi baiko ba a yanka masa adadi. *Mis.* "Baba, an tara baiko don kuɗin asibitin gwauruwar nan."

Tushensa na cikin Littafi Mai Tsarki. Ayyukan Manzanni sura 4 ta nuna masu bi na Urushalima suna sayar da gonaki da gidaje a raba wa marasa shi. Barnaba ma ya sayar da gonarsa ya kawo kuɗin. Daga baya Bulus ya tara gudummawa daga ikilisiyoyin Makidoniya da Akaya don matalautan Urushalima, kuma mutanen Makidoniya sun bayar alhali su kansu suna cikin talauci. A Markus sura 12, Yesu ya fifita anini biyu na wata gwauruwa a kan yawan kuɗin attajirai.

A ƙauyuka an fi ganin armashinsa da kaka: dammunan dawa, buhun masara, doya, har kaza ɗaure da igiya a gaban bagade. Abin takaici ne idan baiko ya ƙare a ginin coci, maraya na kwana da yunwa.

2. Tsayar da maganar aure tsakanin iyalai biyu. *Mis.* "An yi wa Ladi baiko jiya."