Nazari a Kan Gudun Gaurayen Ruwa a Ƙuntatacciyar Hanya

Abin da muke nufi da gaurayen ruwa a wannan nazari shi ne ruwan da ke ɗauke da ƙananan ƙwayoyin da ba su narke a cikinsa ba, kamar ruwan kogi mai laka, ko fenti, ko jinin jikinmu. Kauri shi ne turjiyar da ruwa ke yi wa gudu, abin da ya sa zuma ba ta zuba da saurin ruwan sha. Ƙuntatacciyar hanya kuwa ita ce bututun da faɗinsa bai yi wa girman ƙwayar nisa ba. Ma'aunin da za mu yi aiki da shi shi ne maikuromita, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita.

Za mu fara da bututu mai faɗi, domin a kansa aka gina ka'idojin farko. A shekarun 1840 wani likita Bafaranshe, Poiseuille, ya nuna cewa idan aka rage faɗin bututu da rabi, ƙarfin turi yana nan yadda yake, ruwan da ke wucewa zai ragu ninki 16. Ruwan tsakiya shi ya fi gudu, wanda ke manne da bango kuwa a tsaye yake. Daga baya Einstein, a aikinsa na 1906 wanda ya gyara a 1911, ya lissafa cewa in ƙwayoyin ba su da yawa, kowane kashi 1 cikin 100 nasu yana ƙara kauri da kashi 2.5 cikin 100. Duka lissafin biyu sun ɗauki ruwan a matsayin abu guda, ko'ina ɗaya. Da zarar hanya ta ƙuntata, wannan zato ba ya tsayawa, kuma muna iya kasa abin da ke faruwa gida uku.

Kashi na farko ya shafi ƙwayoyi masu tauri. A 1961 masu bincike Segré da Silberberg suka lura cewa irin waɗannan ƙwayoyi ba sa warwatsuwa barkatai. Saurin gudu yana tura su daga tsakiya zuwa gefe, bango kuma yana mayar da su ciki, har su taru a zobe guda, wajen kashi 6 cikin 10 na tazarar da ke tsakanin tsakiya da bango. A yau ana amfani da wannan ɗabi'a a ƙananan na'urori don ware manyan ƙwayoyi daga ƙanana ba tare da rariya ba.

Kashi na biyu shi ne na ƙwayoyi masu taushi, kuma jini ne babban misalinsa. Jajayen ƙwayoyi sun cinye kashi 40 zuwa 45 cikin 100 na jini, faɗin kowace kimanin maikuromita 8. A 1931, a Uppsala ta ƙasar Suwidin, masu bincike Fahraeus da Lindqvist suka gano cewa kaurin jini raguwa yake yi idan bututu ya gaza maikuromita 300. Dalili shi ne ƙwayoyin suna lanƙwashewa su nufi tsakiya, su bar wani siririn layi na filasma, wato tsagwaron ruwan jini, a jikin bango, sai tarin ya riƙa sulɓewa a kansa. Sauƙin yana ƙaruwa har wajen maikuromita 7. Ƙasa da haka kowace ƙwaya sai ta matse jikinta kafin ta wuce, ɗaya bayan ɗaya, kaurin kuma ya sake hawa.

Kashi na uku shi ne toshewa. Idan ƙofa ba ta wuce faɗin 'yan ƙwayoyi kaɗan ba, suna iya isowa tare su tokare juna, kamar yadda gero ke cushewa a wuyan mazurari alhali kowace ƙwaya ta fi ramin ƙanƙanta. Nan ne nazarin ya taɓa gidajenmu, domin Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan masu amosanin jini, wato sikila. A jikinsu jar ƙwayar jini takan sandare ta zama kamar lauje idan iskar oksijin ta yi ƙaranci, ta manne da bango, hanya ta toshe, ciwon ya tashi.

Saboda haka ba ruwa kaɗai ke yanke kaurinsa ba. Faɗin hanya, da yawan ƙwayoyi, da taushinsu, su ukun ne ke haɗuwa su yanke shi. Wanda ya fahimci wannan zai gane hikimar likita idan ya ce wa mai sikila ya yawaita shan ruwa ya kuma guji sanyi, domin ruwa yana tsinka jini, ɗumi kuma yana hana jijiyoyi tsukewa.