Tashar Jirgin Ƙasa da Fasahar Ginin Hausa

A da, baƙon da ya nufo Kano da ƙofar ganuwa yake fara cin karo. Da layin dogo ya iso birnin a 1911, aka kafa tashar a wajen ganuwa bisa tsarin Turawan mulkin mallaka, aka fi mayar da hankali kan rumbunan gyaɗa da fatu da ake lodawa zuwa Legas. Tashar ta zama sabuwar ƙofar gari, amma ba ta ɗauki kamannin garin ba.

Batun ya sake tasowa saboda ayyuka biyu da aka ƙaddamar a 2021: layin Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda zai ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da kuma sabon layin Kaduna zuwa Kano. Garuruwan Ƙaraye da Rogo ba sa kan layin dogo, don haka manomansu da fatakensu ta tashoshin Kano ko Zariya za su shiga jirgi. Waɗannan tashoshi na yankin ne baki ɗaya.

Ginin Hausa yana da sassan da suka dace da tasha. Zaure ɗakin karɓar baƙi ne mai raba titi da cikin gida, aikin da ɗakin jiran fasinjoji ke yi ke nan. Bakan gizo, wato rufin da ake ɗorawa kan azara mai lanƙwasa, yana ba da fili mai faɗi ba tare da ginshiƙai da yawa ba. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 shi ne fitaccen misali. Katangar tubali mai kauri da ƙananan tagogi suna rage zafin bazara, abin da ke da muhimmanci inda wutar lantarki ba ta tsayawa. Zankwaye da zanen dagi kuwa su ne ke sanar da matafiyi cewa ya iso ƙasar Hausa.

Wasu ƙasashe sun bi wannan hanya. Sabuwar tashar Marrakesh a Maroko, wadda aka buɗe a 2008, ta ɗauki siffar manyan ƙofofin tsohon birnin. A Indiya, tashar Chhatrapati Shivaji ta Mumbai ta haɗa salon Ingila da na gida, kuma UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2004.

A Nijeriya an fi karkata ga laƙaba wa tashoshi sunayen manya, kamar tashar Mobolaji Johnson a Legas. Sauya suna abu ne mai sauƙi, gini kuwa idan an zuba kankare sai haƙuri. Shi ya sa lokacin da ya dace masarautu da magina da 'yan kasuwa su sa baki shi ne tun zanen yana kan takarda.