Sawun da Alƙalami Ya Tsallake: Talakawan Ikilisiya a Kudancin Kano

Duk wanda ya buɗe littattafan tarihin Kiristanci a ƙasar Hausa, sunayen Turawa zai fara cin karo da su: Tugwell, Miller, Bingham. Ni kuwa da na auna wannan labari da taswirar kudancin Kano, wato ƙasar da ta taso daga Bebeji da Kiru, ta gangara Tudun Wada, har ta dangana da dajin Falgore da duwatsun Riruwai a Doguwa, sai na ga lissafin bai cika ba. A wannan yanki akwai unguwannin Hausawa da ke sujada ran Lahadi da harshen iyayensu, alhali Baturen mishan ya shafe fiye da shekara talatin ba shi da izinin wa'azi a ƙauyukan masarautar. To, wa ya kai saƙon?

A shekarar 1900 ayarin Bishop Tugwell ya iso birnin Kano, Sarki Aliyu Babba ya sallame su cikin 'yan kwanaki, suka koma Girku. Bayan shekara uku Turawan mulki suka ci Kano da Sakkwato, Lugga ya yi alkawarin cewa gwamnati ba za ta sa baki a addinin jama'a ba. Ma'aikatansa suka riƙe wannan alkawari ya zama katanga tsakanin 'yan mishan da masarautu. Likita Walter Miller ya samu zama a Zariya a 1905, amma karkarar Kano ta kasance a rufe.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, tun kafin Miller ya taka ƙasar Hausa akwai masu neman sanin Annabi Isa a cikinta. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani Malam Ibrahim, wanda nazarinsa ya kai shi ga fifita matsayin Isa ɗan Maryamu fiye da yadda malaman birni za su lamunta. Aka kashe shi a kasuwar Kano. Almajiransa, waɗanda aka sani da Isawa, suka watsu zuwa bakin iyakar Kano da Zazzau da Ningi, ƙasar dazuzzuka da duwatsu inda hannun sarauta ba ya kaiwa da sauƙi. Ba su da majami'a, ba su da Linjila, ba wanda ya naɗa su komai. Manoma ne da malaman zaure, suka riƙe abin da suka ji daga baki zuwa baki kusan shekara hamsin. A 1913 su ne suka aika aka nemo Miller, shi bai ma san da su ba. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, ciwon barci ya yi masa kaca-kaca cikin 'yan shekaru, ragowar suka koma Zariya, daga baya Wusasa. Daga irin gidajen Kiristocin wannan yanki Farfesa Ishaya Audu ya fito, wanda aka haifa a Anchau a 1927, ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello.

Ƙofar Kano ta fara buɗewa ne ta fuskar littafi da magani. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Daga 1937 ƙungiyar SIM ta karɓi kula da asibitocin kutare na lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, waɗanda aka sani da Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa, sannan ta buɗe asibitin ido a Kano a 1943. Nan ma, a ganina, an ba Bature kason da ya fi nasa. Shi dai yana cikin shinge, doka ta ƙayyade masa inda zai yi magana. Amma majinyacin da ya yi shekara uku ko huɗu yana shan magani, ya koyi karatun boko a can, ba dokar da ta hana shi komawa ƙauyensu da littafi a cikin jakarsa. Da ɗan gari akan ci gari.

Ƙasar da wannan iri ya fi kamawa ita ce ta Maguzawa, Hausawan da suka zauna kan al'adar kakanni, suna noma, suna dafa giya, suna yi wa iskoki yanka a gindin tsafin gida. Su ne Joseph Greenberg ya zauna da su a ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930. Gidan Bamaguje ba a cikin gari yake ba, yana can tsakiyar gonaki, kuma maganar baƙo ba ta da nauyi a cikinsa kamar ta ɗan'uwa. Saboda haka bishara ta bi hanyoyin da komai ke bi: wurin gayya, hanyar kasuwa, ɗan cin rani da ya dawo daga haƙar kuza, amaryar da aka kai wata unguwa ta tafi da waƙoƙin da ta koya. Rabon mata a nan ba ƙarami ba ne, domin Bamagujiya ba ta kulle, tana da gonarta, tana cin kasuwarta, kuma Zumuntar Mata ta zo ta tarar da ita a tsaye.

Ikilisiyoyi sun gane haka, ko da yake a makare. ECWA ta tsaya da ƙafafunta a 1954. Wajen 1964 aka ƙaddamar da shirin Sabon Rai Don Kowa, wanda ginshiƙinsa shi ne kowane mai bi ya zama mai shaida, ana taruwa ƙungiya-ƙungiya a gidaje don addu'a, ana fita biyu-biyu. A daidai lokacin Sardauna Ahmadu Bello yana nasa rangadin musuluntarwa, Bamaguje ya ga cewa zaman tsakiya ya kusa ƙarewa: wasu suka musulunta, wasu suka bi Almasihu, sau da yawa a cikin gida guda. A 1965 babban taron Cocin Katolika a Roma ya fitar da takarda kan aikin masu bi waɗanda ba limamai ba, abin da katikis na ƙauye ya riga ya daɗe yana yi.

Ba na son a ɗauka tafiyar ta zo da arha. Wanda ya bar yankan tsafi ya fita daga abin da ke ɗaure zuriya, wanda ya bar giya kuma ya rasa abin da ake sallamar 'yan gayya da shi, matarsa ta rasa sana'a. Fasto yakan zo ya yi baftisma ya tafi, dattijon unguwa ke zama da rigimar aure da gado da jana'iza. Rikicin Tudun Wada na 2007, wanda ya ci rayuka da majami'u, ya nuna nauyin da ke kan mai zama a wurin. Akwai kuma wani ciwo marar jini: a gari a ce masa ba Bahaushen ƙwarai ba ne, a majami'ar Sabon Gari a yi masa kallon baƙo saboda babbar rigarsa da sunansa. Wannan ne ya sa Kiristocin Hausawa da Fulani da Barebari suka haɗu a Tarayyar Masihiyawan Nijeriya, suka zaɓi sunan da ya fito daga kalmar Almasihu, wadda maƙwabtansu Musulmi ma da ita suke kiran Annabi Isa.