Sankarar tumbi: wane gwaji ya kamata 'yan uwan majiyyaci su yi a Managil?

Sankarar tumbi, wadda wasu ke kira kansar ciki, ƙari ne da ke tsirowa a bangon tumbi. Cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Lyon a Faransa ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum kusan 970,000 ne suka kamu da ita, kuma kimanin 660,000 suka rasu. A farkonta ba ta da wata alama ta musamman, sai ƙwannafi da kumburin ciki irin na gyambon ciki, shi ya sa galibi ba a gano ta sai ta yi nisa.

Idan uwa ko uba, ko wa ko ƙane, ko ɗa ya kamu, haɗarin sauran 'yan gidan yakan ninka na sauran jama'a sau biyu zuwa uku. Ba gado ne kaɗai dalili ba, domin wadda ake gada kai tsaye a jini ba ta wuce kashi 1 zuwa 3 cikin 100 ba. Babban dalilin wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori, wadda mutanen Sudan ke ce wa jarsumar ma'ida. Barry Marshall da Robin Warren ne suka gano ta a Ostareliya a 1982, kuma a 1994 aka sa ta a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara. Yawanci tun ana yara ake ɗaukar ta a gida, ta hanyar miyau da gurɓataccen ruwa. Wannan ya shafi Hausawan Managil da sauran ƙauyukan Jazira da Shuɗin Nilu, musamman mazauna kambo, wato sansanonin ma'aikatan gona, inda gidaje da dama ke ɗiban ruwa daga magudanan ban-ruwa. Yawan gishiri, kamar na kifin fasikh, da shan taba suna ƙara haɗarin.

Akwai hujja mai ƙarfi cewa kashe ƙwayar yana kare dangi. A 2020 likitocin cibiyar sankara ta Koriya ta Kudu sun buga sakamakon bincike kan mutum 1,676 masu ɗauke da ƙwayar, kowannensu ɗan uwan majiyyaci ne na jini. Bayan bibiyar kusan shekara tara, 10 cikin 832 da aka ba magani ne suka kamu da sankarar, alhali 23 cikin 844 da ba su sha maganin gaske ba suka kamu. Haɗarin ya ragu da fiye da rabi.

Gwajin jini shi ne mafi sauƙin samu, kuma shi mutane suka fi saurin yarda da shi. Amma shi ne mafi rauni: yana nuna cewa jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar, ba ya bambanta tsohon kamu da na yanzu. Wanda ya warke yakan sake gwadawa, ya ga alamar tana nan, ya koma shan magani a banza. Gwajin bahaya da gwajin numfashi su ne ke nuna ko ƙwayar tana raye. Na bahaya ya fi dacewa da ƙauye, duk da kunyar kai samfuri da ke hana wasu dattawa. Sharaɗinsa shi ne a daina shan omefrazol da makamantansa mako biyu kafin gwaji, magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuma mako huɗu, in ba haka ba sakamakon zai iya nuna babu alhali akwai. Idan an samu ƙwayar, likita kan rubuta haɗin magunguna na kwana 10 zuwa 14, sannan a sake gwaji bayan aƙalla mako huɗu da gamawa. Wannan gwaji na biyu shi aka fi tsallakewa.

Duk waɗannan ƙwayar suke nema, ba sankarar ba. Mai ganin ƙarin kansa ita ce na'urar leƙa ciki, minzar a bakin mutanen Sudan, fibroskopi a Nijar: siririn bututu mai kyamara da ake zura ta baki bayan mutum ya kwana bai ci komai ba. Aikin mintuna ne, kuma likita zai iya gutsuro tsoka don dubawa. Tsoronta ya fi wahalarta yawa. Koriya ta Kudu tana yi wa duk ɗan shekara 40 zuwa sama wannan dubawa duk bayan shekara biyu, matsayar ƙwararrun Turai ta 2022 kuwa ta ba da shawarar a yi wa dangin majiyyaci daga shekara 45 ko da ba su jin komai. Sudan ba ta da irin wannan shiri na ƙasa, kuma yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ƙara tsananta lamarin. Cibiyar sankara ta Jami'ar Jazira da ke Wad Madani ita ce madogarar yankin, amma birnin ya faɗa hannun dakarun RSF a Disambar 2023, sai a Janairun 2025 sojoji suka ƙwato shi. Don haka iyali mai ƙaramin ƙarfi zai fi amfana idan duk manyan gidan suka fara da gwajin bahaya, a tanadi kuɗin minzar don waɗanda suka haura 45.

Akwai waɗanda bai kamata su jira ba, komai shekarunsu: mai rama ba dalili, mai wahalar haɗiya, mai yawan amai, mai ƙoshi da loma kaɗan, mai ƙarancin jini, da mai baƙin bahaya kamar kwalta. Haka gidan da mutum biyu ko fiye suka kamu, ko wani ya kamu kafin shekara 50, sai a gaya wa likita a fili. Aman jini kuwa a Jazira da Managil sau da yawa daga cutar bilharziya ta hanji yake, wadda ke lalata hanta ta kumbura jijiyoyin maƙoshi. Ba a gane bambancin da ido. Minzar ɗin ce ke rarrabewa, kuma mai aman jini asibiti za a kai shi a ranar.